Wakilina na AI yana kiran kayan aikin da ba shi ba: laifin bayanin ne ko na injin?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai rubuta manhaja a nan Zinder. Ya haɗa wa wata ƙungiyar ƴan kasuwar hatsi mataimaki na AI, wato wakili, a WhatsApp, ya ba shi kayan aiki 12 ta hanyar MCP, ƙa'idar haɗa wakilin AI da kayan aiki: duba farashin kasuwa, duba abin da ya rage a sito, rubuta oda, rubuta bashi, da sauransu. Wani lokaci wakilin ya kira kayan aikin da ba shi ake nufi ba, wani lokaci ya rubuta kuɗi ba daidai ba. Yana son ya san yadda ake auna ko bayanin da ya rubuta wa kowane kayan aiki yana da kyau, da yadda zai bambanta laifin bayanin da raunin injin harshen da ke bayan wakilin, wato ƙwaƙwalwar AI da ke karanta rubutu ta yanke abin yi.

Ɗan'uwa, karanta bayani kaɗai ba ya nuna ingancinsa. Abin da wakilin ya aikata bayan ya karanta shi ne ke nunawa. Karatu tankaɗe ne na farko, yana fitar da manyan tsakuwa cikin sauri, amma hukunci yana wajen gwaji. Zan bi su biyun, sannan in zo kan yadda za ka raba laifi.

Fara da sanin abin da injin ke gani. Ba ya ganin lambobin manhajarka, ba ya ganin rumbun bayananka, bai san abin da ke ranka ba lokacin da kake rubutawa. Abu uku kawai ke isa gare shi game da kowane kayan aiki: suna, bayani a rubuce, da tsarin guraben da zai cika, wanda a MCP ake rubutawa da JSON Schema a ƙarƙashin inputSchema. Haka lamarin yake tun da OpenAI ta fito da hanyar kiran ayyuka a watan Yunin 2023, kuma da Anthropic ta fitar da MCP a watan Nuwamban 2024 ba a sauya wannan ginshiƙin ba. Bayan ya yi kira, sai abu na huɗu ya shigo, wato abin da kayan aikin ya dawo da shi, ko sakamako ko saƙon kuskure. Duk huɗun nan kana auna su tare, don wakilin ba ya raba su. Ka ɗauke shi kamar sabon yaron shago mai kaifin ƙwaƙwalwa da aka miƙa wa takarda aka tafi aka bar shi: abin da ba ya cikin takardar, cikewa zai yi da hasashe, kuma da ƙarfin gwiwa zai yi.

Saboda haka matakin farko shi ne ka fitar da ainihin rubutun da ke tafiya wajen injin. Kada ka duba abin da ka rubuta a manhaja, ka duba abin da ya fita. Ka buɗe sabarka, wato manhajar da ke miƙa kayan aikin, da manhajar gwaji ta MCP Inspector, ka kira tools/list mai jero kayan aikin, ka kwafe amsar gaba ɗaya. Nan ake yawan gano cewa kunshin lambobin manhaja (library) da ake amfani da shi ya ɗauki layin farko na sharhi kawai ya bar sauran, ko bayanin gurabe bai fita ba sam, ko gurbin da ake zaton dole ne ba ya cikin required, wato jerin guraben dole. Ka buga wannan rubutu a takarda, ka ba wani wanda ya iya aikin kwamfuta amma bai taɓa ganin manhajar ba, tare da saƙonnin ƴan kasuwa guda goma. Ka ce ya rubuta kayan aikin da zai kira da abin da zai saka a kowane gurbi. Kada ka amsa masa tambaya ko ɗaya, rubuta tambayoyin kawai za ka yi. Kowace tambaya da ya yi giɓi ce a bayanin. Wannan aikin bai wuce na awa ɗaya ba, kuma babu abin da ya kai shi arha.

Ga irin bayanin da aka fi gani. Suna farashi, bayani "Yana dawo da farashi", gurabe biyu, kaya da wuri, duka rubutu ne sake. Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da ya faɗa wanda sunan bai riga ya faɗa ba. Farashin wa, na kasuwa ko na ƙungiya? Na tiya ko na buhu? Na yau ko na makon jiya? Kwatanta da wannan, mai suna nemo_farashin_kasuwa:

"Yana dawo da farashin ƙarshe da aka rubuta na amfanin gona guda a kasuwa guda cikin jihar Damagaram. Yi amfani da shi idan ana tambayar nawa kaya ke yi a kasuwa. Kada ka kira shi don farashin da ƙungiya ke sayarwa daga sitonta, wannan aikin duba_farashin_sito ne. Kuɗi na fitowa da sefa, lamba cikakkiya, ba da dala ba. Kowane sakamako na ɗauke da ma'auni, tiya ko buhu, da ranar da aka ɗauki farashin. Idan ranar ta wuce kwana 7, faɗa wa mai tambaya. Idan ba a ambaci kasuwa ba, tambaya, kada ka zaɓa da kanka. Ba ya canza komai a rumbun bayanai."

Dubi abin da kowace jimla ke yi. Ta farko ta faɗi aikin da iyakarsa. Ta biyu da ta uku sun ja layi tsakaninsa da maƙwabcinsa, har da kiran sunan maƙwabcin. Sauran sun faɗi ma'auni, da tsufan bayanai, da abin yi idan tambaya ba ta cika ba, da ko yana taɓa wani abu. Takardun Anthropic na ba da shawarar aƙalla jimla 3 zuwa 4 ga kowane kayan aiki, fiye da haka idan mai sarƙaƙiya ne. Amma kada ka mai da tsawo ma'auni. Ma'aunin da ya fi shi ne ka goge jimla guda ka tambayi kanka wane kuskure ne zai dawo. Idan ba ka iya faɗinsa ba, jimlar ba ta da aiki. Jimloli irin su "kayan aiki mai ƙarfi da sauri" ko tarihin yadda aka gina rumbun bayanai duk a wannan rukuni suke.

Yanzu maganar kuɗi, don a ganina nan ne mafi yawan ɓarnarka take. Ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ya aiko da saƙo: "rubuta wa wane bashin ɗari biyar." A bakinsa dala ɗari biyar yake nufi, dala kuwa sefa 5 ce, wato sefa 2,500. Gurbinka sunansa kudi, nau'insa lamba, ba bayani. Wakilin ya saka 500. Tsarin JSON ya karɓa, rumbun bayanai ya karɓa, babu saƙon kuskure ko ɗaya, amma littafin bashi ya yi ƙasa da ninki biyar. Wannan irin kuskuren ya fi kiran kayan aikin da ba shi ba muni, domin shiru yake yi har ranar da aka zo biya. Idan ka ƙara da "jika" da ke nufin sefa 1,000, da ƴan kasuwar wajen Magariya da Matameye da ke mu'amala da naira, za ka ga gurbi guda mai lamba ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Gyaran da mutane ke fara yi shi ne su rubuta a bayani cewa "idan an faɗi dala, ninka sau biyar". Yana taimakawa, amma ya bar lissafi da hasashe a hannun injin. Wanda ya fi shi ne ka raba gurbin biyu: adadi, lamba cikakkiya mai minimum 1, wato ba ta gaza 1 ba, da nauin_kudi, wanda enum ne, wato tsayayyen jeri, mai zaɓi huɗu kawai, sefa, dala, jika, naira, kuma dole a cika shi. Manhajarka ta yi jujjuyawar. A bayanin gurbin ka rubuta cewa idan mai magana bai faɗi nau'in ba, a tambaye shi. Sannan sakamakon ya maimaita abin da aka rubuta ta fuska biyu, "dala 500, wato sefa 2,500", don wakilin ya karanta wa ɗan kasuwa ya tabbatar. Sefarmu, mai lambar XOF, ba ta da ƙananan rassa a lissafin yau da kullum, don haka lamba cikakkiya ta isa, kuma hakan ya kawar da rikicin waƙafi da aya tsakanin rubutun lambobi na Faransanci da na Ingilishi.

Dokar da ke ƙarƙashin wannan misali ita ce: duk abin da tsari zai iya tilastawa, a sa shi a tsari, bayani ya ɗauki abin da tsari ba zai iya ba. Jerin kasuwanni tsayayye ne, to ya zama enum, ba rubutu sake ba. In ba haka ba Mirriah za ta zo maka da rubutu iri uku ko huɗu, kuma "Damagaram" kaɗai na iya zama birnin Zinder, ko jihar baki ɗaya, ko Damagaram Takaya. Haka kaya: wanda ya ce "hatsi" a nan gero yake nufi, amma injin da ya fi cin karo da rubutun Kano na iya ɗauka dukan abincin gona ne, don haka a rubuta a bayanin gurbin cewa hatsi gero ne. Rana ta bi tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana, da misali guda kamar 2025-03-04, domin 04/03 a wajenmu 4 ga Maris ne, a Amurka kuwa 3 ga Afrilu. Lambar waya ta samu pattern, wato siffar da dole ta bi: +227 da lambobi 8. Tiya ba ta da nauyi ɗaya tsayayye, ya danganta da irin hatsin da yadda aka cika ta, buhu ma akwai na kilo 50 da na 100, saboda haka kada ka bar wakilin ya juya tiya zuwa kilo da kansa. Ko dai manhaja ta yi da adadin da ƙungiyar ta amince da shi, ko a ce masa kar ya yi. Ka kuma sa additionalProperties ya zama false don kada ya ƙirƙiro gurbin da babu shi.

A wannan karatun ne kuma za ka nemi saɓani. Bayani ya ce gurbi na zaɓi ne, tsari ya ce dole. Bayani ya ce ana dawo da sakamako 20, manhaja tana dawo da 200 tun da aka gyara ta watanni biyu da suka wuce. Misalin da ke cikin bayani ba zai wuce tsarin ba idan aka gwada shi. Wannan na ƙarshe kwamfuta za ta iya duba maka: ka rubuta ɗan gwaji da zai ɗauki kowane misali ya tantance shi da tsarin, ya kuma yi ƙara idan akwai gurbin da ba shi da bayani. Su ma sunaye, yawancin masu samar da injinan nan haruffan boko marasa lanƙwasa, da lambobi, da layin ƙasa da tsinke kawai suke karɓa, shi ya sa ka ga na rubuta kudi ba da ɗ ba. A cikin bayani kuwa ka rubuta Hausarka daidai.

Abu na ƙarshe a karatu: kada ka auna kayan aiki shi kaɗai. Bayani na iya zama cikakke a kansa ya kuma yi karo da na kusa da shi. Ka jera su 12 ɗin, ka ware waɗanda suka yi kama biyu-biyu: farashin kasuwa da farashin sito, rubuta oda da rubuta bashi, duba bashin mutum da duba tarihin cinikinsa. Ga kowane biyu, ka iya faɗin bambancinsu a jimla ɗaya? Idan kai da ka gina su sai ka yi dogon bayani, to matsalar ta wuce rubutu, ƙila haɗe su ya kamata a yi su zama ɗaya mai gurbin zaɓi.

Sai gwaji. Tambayoyin gwaji su fito daga bakin ƴan kasuwar, ba daga kanka ba. Wanda ya rubuta bayani idan ya rubuta tambayoyi, kalmomin bayanin ne za su fito a cikinsu, sai wakilin ya ci jarrabawa da dacewar kalma kawai. Ka nemi izinin ƙungiyar, ka ɗebo saƙonni na gaske, ka cire sunaye da lambobin waya, ka bar su yadda suke: babu ƙ da ɗ, Faransanci a tsakiyar Hausa, gajerun kalmomi, saƙon murya da aka juya rubutu da kurakuransa. Ga kayan aiki 12, kamar tambayoyi 60 sun isa a fara. Uku ga kowane kayan aiki, 36 ke nan, kuma a cikinsu ka fi ba da ƙarfi ga waɗanda ke kan iyakar masu kama da juna. Guda 10 waɗanda bai kamata a kira komai ba, kamar gaisuwa, ko tambayar da ba ta cikin aikin, irin su yaushe damina za ta faɗi. Guda 8 waɗanda bayaninsu bai cika ba, amsar da ta dace ita ce a yi tambaya. Guda 6 masu matakai, misali a duba sito kafin a rubuta oda. Rukuni na biyu da na uku su ake yawan mantawa, alhali su ne ke nuna ko bayanin ya koya wa wakilin kamewa. Ma'aunin Berkeley Function Calling Leaderboard, da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka fitar a 2024, ya ware rukuni na musamman don wannan, inda amsar daidai ita ce kada a yi kira.

Ga kowace tambaya ka rubuta amsar da ake so tun kafin ka kunna komai: wane kayan aiki, me za a saka a kowane gurbi, ko a yi tambaya, ko kada a kira. Ka ware kashi ɗaya cikin uku ka ɓoye, kada ka dube su lokacin gyara, sai a ƙarshe. Idan maki ya hau a waɗanda kake gani bai hau a ɓoyayyun ba, ka rubuta bayanin ne don cin jarrabawa.

Maki kuma kada ya zama lamba ɗaya. Ka ƙirga abu huɗu daban: zaɓin kayan aiki, daidaiton gurabe, kamewa inda ya dace, da farfaɗowa bayan saƙon kuskure. Daidaiton gurabe kashi biyu ne, wanda tsari ya ƙi da wanda tsari ya karɓa amma ma'anarsa ba daidai ba, kamar 500 ɗin can. Ga kayan aikin da ke rubutu, ka yi gwajin a kan kwafin rumbun bayanai, ka duba abin da ya zauna a ciki a ƙarshe, kada ka yarda da cewar wakilin "an rubuta". Haka ma'aunin tau-bench na kamfanin Sierra, shi ma na 2024, yake yi: yana kwatanta halin rumbun bayanai bayan hira da halin da ake so. Daga wajensu kuma akwai darasin maimaitawa. Injin ba ya ba da amsa ɗaya kullum, don haka ka gudanar da kowace tambaya sau 5, ka ƙirga waɗanda aka ci duka biyar. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalili: idan wakili na cin tambaya kashi 90 cikin ɗari a kowane jefi, damar ya ci sau biyar a jere kusan kashi 59 ce. Ɗan kasuwar da ke amfani da shi kullum wannan lamba ta biyu yake ji a jikinsa.

Ka yi hattara da ƙananan bambance-bambance. Da tambayoyi 60 da maki wajen kashi 80, girgizar da sa'a kaɗai ke kawowa ta kai kusan maki 5 sama ko ƙasa. Tashi daga 80 zuwa 83 ba hujja ba ce. Abin da ya fi amfani shi ne ka duba tambaya bayan tambaya, waɗanne suka juya daga faɗuwa zuwa ci, waɗanne suka koma baya. Ka zana tebur, a gefe kayan aikin da ya kamata, a sama wanda aka kira. Kurakurai ba sa watsuwa daidai, za ka ga sun taru a gida biyu ko uku, kuma waɗannan gidajen ne ke gaya maka wace jimla za ka rubuta. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka sake gudanar da duk tambayoyin da ba ka ɓoye ba, ba na kayan aikin da ka taɓa kaɗai ba, saboda ƙara wa ɗaya ƙarfi na iya sa ya fara janye tambayoyin maƙwabcinsa. Wannan ne ma illar rubuta "DOLE" da "KULLUM" da manyan baƙaƙe: kuskure ɗaya ya tafi, sai a fara kiran kayan aikin a inda ba a bukatarsa.

Yanzu ga ainihin tambayarka, ta raba laifi. Akwai gwaje-gwaje huɗu masu sauƙi, duk a kan tambayoyin nan. Na farko, goge bayanan gaba ɗaya ka bar sunaye da tsari. Idan maki bai sauka sosai ba, bayananka ba sa aikin komai, sunaye ne ke ɗauke da kaya. Na biyu akasinsa ne: mai da sunayen k1, k2, k3 ka bar bayanan. Idan komai ya rushe, bayanan ba su tsaya da ƙafarsu ba. Na uku, ga tambayar da ke faɗuwa, ba wakilin kayan aikin da ya dace shi kaɗai. Idan yanzu ya cika gurabe daidai, matsalar cunkoso ce ko karo da maƙwabci. Idan har yanzu ya kasa, bayanin gurabe ne. Na huɗu, sa injin da ya fi ƙarfi ba tare da taɓa komai ba. Idan shi ma ya faɗi a wurare iri ɗaya, kuma ta hanya iri ɗaya, bayanin ne, don babu ƙwaƙwalwar da za ta san abin da ba a faɗa mata ba. Idan babban ya ci, ƙaramin kuma yana faɗuwa nan da can ba tsari, har da kayan aiki guda a gabansa, to ƙarfin injin ne, kuma ƙarin rubutu ba zai kai ka nesa ba. Ka kuma jujjuya jerin kayan aikin tsakanin gudu da gudu. Zaɓin da ke canzawa saboda wuri a jeri alama ce cewa bayanai biyu sun yi kunnen doki.

Lambobi za su nuna maka inda ciwon yake, amma dalilinsa sai ka karanta rajistar hirar. Ka zauna da faɗuwa 15 ko 20, ka bi kowace daga saƙon farko zuwa ƙarshe. Nan za ka ga abin da tebur ba ya nunawa: wakilin ya kira abu ɗaya sau huɗu a jere don sakamakon bai gaya masa ya gama ba, ko ya ƙirƙiro lambar abokin ciniki don babu inda aka ce masa ya fara samo ta daga nemo_abokin_ciniki.

Saƙon kuskure shi ma bayani ne, kuma shi ake rubutawa da gaggawa. "Error 400" bai koya wa kowa komai ba. "Ba a san kasuwa mai suna Mirya ba. Waɗanda ake da su: zinder, mirriah, matameye, magaria, tanout, goure. Sake kira da ɗaya daga cikinsu" zai sa wakilin ya gyara kansa a kira na gaba. A MCP, irin wannan kuskure ana mai da shi ne cikin sakamako tare da alamar kuskure ta isError a matsayin true, don injin ya gani. Idan ka jefa shi a matsayin kuskuren yarjejeniyar sadarwa, mai yiwuwa ba zai isa gare shi ba. Ka gwada wannan da gangan: ka sa kayan aiki ya ƙi, ka ga ko wakilin ya gyara, ya tambaya, ko ya ce wa ɗan kasuwa an yi alhali ba a yi ba. Sakamako maras komai ma ya faɗi dalilinsa, domin "babu bashi" da "ba a samu mutumin ba" ba ɗaya ba ne. Sakamako mai yawa kuma a yanka shi, misali layi 20, a faɗi nawa suka rage da yadda za a nemi ci gaba.

Kayan aikin da ke rubutu suna bukatar tsanani na daban. Bayaninsu ya faɗi ƙarara abin da zai canza, ko ana iya warwarewa, da ko sai an nemi tabbaci. Inda layin sadarwa ke yankewa, kira na iya isa sabar amsa ba ta dawo ba, wakilin ya sake, oda ta zama biyu. Maganinsa gurbi ne na lambar shaida ta musamman ga kowace oda, wadda sabar za ta ƙi karɓa sau biyu, da jimla a bayani da ke cewa a sake amfani da lambar farko idan ana maimaitawa. MCP na da alamomi irin su readOnlyHint (karatu kawai yake yi), destructiveHint (yana iya gogewa ko canza abin da ke nan) da idempotentHint (maimaita kira ba ya ƙara komai). Ka cika su daidai, amma ka san ishara ce kawai, ba kulle ba. Tabbacin da ya shafi kuɗi a manhaja ake tilasta shi, jimla a bayani ba ta hana komai.

Game da harshen da za ka rubuta bayanin, Hausa ko Faransanci ko Ingilishi, kada ka yanke da ra'ayi tunda kana da abin aunawa. Ka rubuta iri biyu ka gudanar. Injinan nan sun fi ganin Ingilishi a horonsu, kuma rubutun Hausa yakan ci gutsattsarin rubutu, wato tokin, fiye da na Ingilishi mai ma'ana ɗaya. Sau da yawa abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta umarnin da harshen da injin ya fi ƙwarewa, a saka kalmomin kasuwa yadda ake faɗinsu, tiya, jika, hatsi, sito, da ma'anar kowace. Ka tuna kuma dukan bayanan suna tafiya a kowane kira. Kayan aiki 12 masu tokin 300 kowane, 3,600 ke nan kafin ɗan kasuwa ya ce uffan. A wannan adadi ba abin damuwa ba ne. Idan suka kai 40, za ka ji a kuɗi da jinkiri da rikicewar zaɓi, shi ya sa takardun OpenAI ke ba da shawarar a tsaya ƙasa da 20 a lokaci guda.

Za ka ji ana cewa a ba wani injin ya yi wa bayanai maki daga 1 zuwa 5. Yana da amfani wajen gano gurbin da ba bayani ko jimlar da ta saɓa wa tsari. Amma irin wannan alƙali yakan karkata ga dogon rubutu mai santsi, kuma bai san dala sefa 5 ce a littafin ƙungiyarku ba sai an gaya masa. Ka tambaye shi abubuwan da amsarsu e ko a'a ce, kamar "an faɗi ma'aunin kuɗi?", kuma kada makinsa ya maye gurbin gwaji. Inda ya fi amfani shi ne ka ba shi rajistar faɗuwa ya ba da shawarar gyara, kai kuma ka gwada gyaran.

Idan ka haɗa sabar MCP ta wani da taka, bayananta ma sun shiga kunnen wakilinka. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai amfani ba ya gani amma injin yana karantawa ya bi, har ya fitar da bayanan sirri. Ka karanta cikakken rubutun kowane kayan aiki na waje kafin ka kunna shi, ka nemi duk jimlar da ke umartar wakilin ya karanta fayil, ko ya ɓoye wani abu ga mai amfani, ko ya canza yadda yake kiran wasu kayan aikin. Ka ajiye kwafin rubutun da ka amince da shi, manhaja ta riƙa kwatantawa duk lokacin da ta tashi, ta tsaya idan ya canza.

A halin da kake ciki, ka fara da gurbin kuɗi a rubuta bashi da rubuta oda tun kafin ka haɗa tambayoyi 60 ɗin, kuma ka koma kan abin da aka riga aka rubuta a littafin ka nemo adadin da ya yi ƙasa da ninki biyar. Bayan haka ka ajiye tambayoyin a wuri ɗaya da manhajar, ka sake gudanar da su duk lokacin da ka taɓa bayani, ka ƙara kayan aiki, ko aka sauya sigar injin. Duk saƙon da ya faɗi a hannun ƴan kasuwa, ka cire suna da lamba ka ƙara shi cikin jerin.